Tukwici, kulle ko horon tunani: wanne ya dace da mai shaye-shayen da ba ya iya jira?

Akwai wata takarda mai tambayoyi 27 da masu binciken halayyar ɗan'adam ke ba mutane su cike, wadda Kris Kirby da Nancy Petry da Warren Bickel suka yi aiki da ita a 1999. Tambayoyin duk salo ɗaya ne. Dala 55 yau, ko dala 75 bayan kwana 61? Dala 31 yau, ko dala 85 bayan kwana 7? Ba jarrabawa ce ta ci ko faɗuwa ba. Abin da ake aunawa shi ne yadda darajar abu ke zubewa a idon mutum da zarar an ce masa sai ya jira. Kowa yana da irin wannan ragi a ransa, shi ya sa ma ake cewa ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Amma da aka ba masu shan hiroyin takardar, sai aka tarar nasu ragin ya kai kusan ninki biyu na waɗanda ba sa sha. An ga irin haka ga masu shan sigari da barasa da hodar iblis, da kuma waɗanda caca ta kama.

Abin da ya fi ɗaure kai a nan shi ne ragin ba a jere yake tafiya ba. George Ainslie, wani likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, ya bayyana haka tun 1975. Ka tambayi mutum: hamsin bayan wata goma sha biyu, ko ɗari bayan wata goma sha uku? Ɗari zai ce. Ka maimaita tambayar idan ranar ta zo: hamsin yanzu, ko ɗari bayan wata ɗaya? Da yawa sai su miƙa hannu su karɓi hamsin. Tazarar wata ɗaya ce a duka biyun, kusantowar abin ce kawai ta juyar da ra'ayin. Don haka mutumin da ya rantse da safe cewa ya daina, kuma da dare aka same shi ya koma ruwa, ba lallai ne ƙarya ya yi da safe ba. Da safe lafiya da mutunci da zaman lafiyar gida sun fi ƙwayar nauyi a sikelinsa. Da dare ƙwayar tana tafin hannu, lafiyar kuwa tana can shekaru masu zuwa.

Wannan ne ya sa faɗa da gori ba sa kai ko'ina. Mai cewa "ka tuna makomarka" yana biyan mutum ne da kuɗin da ba su da daraja a kasuwarsa a wannan sa'ar. Hanyoyin da suka nuna amfani sun kasu uku: ko dai a jawo ladan kamewa kusa, ko a kulle ƙofar tun hankali na kwance, ko a horar da tunani ya riƙa ganin gobe da kyau. Ba ƙarfinsu ɗaya ba, kuma ba mutum ɗaya suke yi wa aiki ba.

Tukwicin nan take

A farkon shekarun 1990, Stephen Higgins na Jami'ar Vermont ya gwada wani tsari ga masu shan hodar iblis wanda mutane da yawa suka yi wa kallon cin hanci. Mara lafiya zai kawo fitsari a gwada sau uku a mako. Idan ba a ga alamar hodar ba, nan take a ba shi takardar sayen kaya ta dala 2.50. Gwaji na gaba idan ya sake fita tas, a ƙara masa dala 1.25 a kan na baya, haka abin zai yi ta hawa. Duk gwaji uku a jere akwai ƙarin dala 10. Ranar da aka ga alama kuwa, ko ya ƙi zuwa, babu tara babu tsawa, sai dai tukwicin ya koma inda ya faro. Wanda ya kai mako 12 bai yi tuntuɓe ba zai tashi da abin da ya kusa dala dubu ɗaya.

Dabarar tana cikin hawan nan. A gwajin farko, in mutum ya sha, dala biyu da rabi kawai ya yi asara. A mako na takwas kuwa, shan dare ɗaya zai rushe masa tsanin da ya daɗe yana hawa, kuma jibi-jibin nan zai ga asarar, tun bai manta da daren ba. An ɗauko halin nan na rashin jira an sa shi yana yi wa kamewa aiki.

Da aka yi ƙorafin tsada, Nancy Petry ta Jami'ar Connecticut ta fito da mai rahusa. Kwano ne cike da 'yan takardu a nannaɗe. Wanda gwajinsa ya fita tas sai ya sa hannu ya zaro. Kusan rabin takardun yabo ne kawai a rubuce, mafi yawan sauran kyautar kamar dala ɗaya ce, kaɗan na dala 20, guda ɗaya tak ta dala 100. Yawan zaren da mutum zai yi yana ƙaruwa da yawan makonnin da ya jera. Ma'aikaciyar jinya ta tsoma ɗan tsinken gwaji a fitsari, bayan 'yan mintoci ta duba, ta turo masa kwanon tun bai tashi daga kujera ba. Saurin nan shi ne ran tsarin. Asibitin da zai ce a dawo ƙarshen wata a karɓa ya riga ya kashe shi.

Hujjojin wannan hanya suna da ƙarfi, musamman ga masu shan hodar iblis da metamfetamin (wata ƙwaya mai zaburar da jiki), waɗanda har yau hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ba ta amince da wani magani nasu ba. Wani nazari da ya tattaro gwaje-gwaje masu yawa a 2018 ya sa tukwici, haɗe da taimaka wa mutum ya gyara harkar aikinsa da iyalinsa da abokan zamansa, a saman sauran hanyoyin da ba na magani ba. Ma'aikatar kula da tsofaffin sojojin Amurka ta soma amfani da shi a asibitocinta a 2011, jihar Kalifoniya kuma ta shigar da shi cikin inshorar lafiyar masu ƙaramin ƙarfi a 2023, inda mutum zai iya samun har dala 599 cikin mako 24. A Glasgow ta Sikotland an gwada shi ga mata masu ciki masu shan sigari, aka wallafa sakamakon a 2015: cikin waɗanda aka yi wa tayin takardun sayayya na har fam 400, kashi 22.5 cikin ɗari sun daina kafin ƙarshen cikin, a ɗaya rukunin kuwa kashi 8.6.

Rauninsa biyu ne. Idan aka tsayar da tukwicin, wasu sukan koma 'yar gidan jiya, domin ba a gina wani abu da zai maye gurbinsa ba. Na biyu, yana bukatar gwaji na gaskiya. Iyalin da suka ce za su yi nasu a gida, suna ba da kyauta bisa "wallahi ban sha ba", ƙarya suke saye da kuɗinsu. Kuma tsabar kuɗi a hannun wanda jikinsa ke neman ƙwaya ana tsoron inda za su. Shi ya sa asibitoci suka fi ba da kaya ko takardar da ba ta sayen barasa da sigari.

Masu cewa bai kamata a biya mutum don ya bar abin da ke cutar da shi ba, ina fahimtar ƙyamarsu. Sai dai al'umma tana biya ta wata hanyar, a gadon asibiti da gidan yari, kuma can ɗin ya fi tsada.

Kulle ƙofa tun da safe

Hanya ta biyu ta yarda cewa mutumin dare ba abin yarda ba ne, saboda haka mutumin safe ya ɗaure masa hannu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai caca ta intanet a Birtaniya zai iya rajista da GAMSTOP, wanda ya fara aiki a 2018, ya hana kansa shiga duk shafukan caca masu lasisi na wata 6 ko shekara 1 ko shekara 5, kuma ba ya iya janyewa kafin wa'adin. Wasu bankuna, irin su Monzo, suna da maɓallin toshe biyan kuɗin caca: kunnawa nan take ne, kashewa kuwa sai an jira aƙalla awa 48. Awa 48 ɗin nan su ne maganin, domin sha'awar da ta taso da tsakar dare ba kasafai take kai jibi da ƙarfinta ba.

Ga barasa akwai disulfiram, wanda Erik Jacobsen da Jens Hald suka gano tasirinsa a Denmak a shekarun 1940, Amurka ta amince da shi a 1951. Yana hana hanta kammala narkar da barasa, sai wani sinadari mai guba ya taru a jini. Wanda ya haɗiyi ƙwayar da safe, in ya kurɓi barasa da yamma, cikin 'yan mintoci fuska za ta ɗau zafi, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, amai ya biyo. Azabar da a da sai bayan shekaru take zuwa an jawo ta zuwa minti goma. Amma mutum yana iya daina haɗiyar ƙwayar, shi ya sa ta fi aiki idan akwai wanda aka amince da shi yana tsaye ana haɗiya. Kuma kada a kuskura a zuba wa mutum ita a ɓoye. Ga mai ciwon zuciya ko hanta hakan na iya zama ajali.

Matsalar kulle ita ce kaɗan ne ke yarda a kulle su. A Filifin an yi wa masu shan sigari tayin asusun ajiya: ka riƙa zuba kuɗinka na wata shida, in gwaji ya nuna ka daina a mayar maka, in ba haka ba a ba da su sadaka. Kimanin kashi 11 cikin ɗari ne suka karɓa. Scott Halpern da abokan aikinsa sun kwatanta hanyoyin biyu kai da kai a Amurka, suka wallafa a 2015. Wasu aka yi musu tayin tukwicin dala 800. Wasu aka ce su ajiye dala 150 tasu, in sun daina a mayar musu har da ƙarin 650. Kashi 90 cikin ɗari sun karɓi tayin farko, ƙasa da kashi 14 suka karɓi na biyu. Amma cikin irin mutanen da za su yarda da kowanne, jinginar ta fi tukwicin sa su daina.

Darasin a fili yake. Kulle makami ne mai kaifi ga wanda da bakinsa ya nema. Wanda aka tilasta wa, dabarar fasa ƙofa kawai zai koya, ya buɗe wani asusun da sunan wani, ya sauya layin waya.

Horon tunani

Ta uku ita ce zama da mai ba da shawara, a bi diddigin abin da ke tayar da sha'awar: wane lokaci, wane wuri, tare da wa, cikin wane yanayi na zuciya. Alan Marlatt, wanda ya tsara hanyar riga-kafin komawa ruwa a shekarun 1980, ya koyar da cewa sha'awa takan hau ta kai ƙololuwa sannan ta sauka da kanta, ko an biya mata ko ba a biya ba. Aikin mutum shi ne ya san yadda zai zauna da ita har ta wuce, ya kuma tanadi amsa tun kafin tambaya: in wane ya kira ni bayan ƙarfe goma, ba zan ɗauka ba, in na karɓi albashi, kafin in fita daga wurin aiki zan tura kaso kaza inda hannuna ba ya kaiwa.

Wannan hanya tana da jinkirin tashi, kuma a nan take cin karo da ainihin cutar, domin ana neman mai gajen haƙuri ya yi ta zuwa zama mako-mako kafin ya ga amfani. Da yawa sukan gudu tun a makonnin farko. Wanda ya jure kuwa, abin da ya koya yana nan tare da shi. Richard Rawson ya kwatanta wannan horon da tukwici a Los Anjelas a 2002, ga masu karɓar metadon (maganin jinyar masu shan hiroyin) da ke shan hodar iblis. A cikin mako 16 na jinya tukwici ne a gaba. Da aka waiwaye su bayan wata shida da kuma shekara guda, masu horon tunani sun kamo su.

Akwai ƙaramar dabara a ƙarƙashin wannan da ake ta bincike a kanta tun 2010, lokacin da Jan Peters da Christian Büchel a Jamus suka nuna cewa idan aka tuna wa mutum wani takamaiman abu da zai yi a ranar da lada zai zo, yakan ƙara iya jira. Ba "ina son lafiya" ba. A ce: bayan wata uku, ranar da 'yata za ta karɓi sakamakonta, ina zaune a layi na biyu, rigata a goge, ta hango ni ta ɗago hannu. Gwaje-gwaje sun nuna irin wannan hoto yana rage ragin nan, har masu shan sigari su rage zuƙa a ɗakin gwaji. Amma mafi yawan hujjar ta gajeren zango ce. Kyauta ce, ba ta da illa, a yi ta. Wanda ya ce ita kaɗai za ta raba mutum da hiroyin yana sayar da abin da ba shi da shi.

Inda zaɓin ba ya cikin ukun nan

Ga wanda jikinsa ya saba da dangin hiroyin, har da kodin da tiramadol idan sun yi katutu, tambayar farko ta magani ce. An gwada masu shan irin waɗannan ƙwayoyi a lokacin da suka samu da lokacin da jikinsu ya fara nema, aka ga ragin nan yana ƙaruwa idan jiki ya shiga ƙishirwa. Mutumin da ƙasusuwansa ke ciwo, gumi na karyo masa, cikinsa na murɗawa, ba ya da gobe. Metadon, wanda Vincent Dole da Marie Nyswander suka fara jinya da shi a New York a shekarun 1960, da bufrenofin, suna kwantar da wannan ƙishirwa, kuma suna rage haɗarin mutuwa da kusan rabi muddin ana kan shan su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa su cikin jerin muhimman magunguna a 2005. Naltireson kuwa toshe tasirin ƙwayar yake yi, akwai shi a allurar wata-wata, wadda ita ma nau'in kulle ce: shawara ɗaya a wata maimakon talatin. Sai dai ba a fara shi sai jiki ya yi kamar kwana 7 zuwa 10 babu ƙwayar, kuma a wannan ramin ne mutane da yawa ke faɗawa. Tukwici da horon tunani suna biyo bayan maganin, ba sa maye gurbinsa. Tsare mutum a ɗaki har jikinsa ya wanke sannan a sake shi yana da haɗari na musamman, domin juriyar jikin ta ragu, adadin da ya saba sha a da yanzu zai iya kashe shi.

Haka wanda ya daɗe yana shan barasa mai yawa kullum, ko ƙwayoyin barci irin su diyazefam, bai kamata ya yanke rana ɗaya ba tare da likita ba. Jijjiga da ruɗewa na iya biyowa cikin 'yan kwanaki.

Sai kuma batun abin da ke ƙarƙashi. Michael Amlung da abokan aikinsa sun tattara bincike a 2019, suka ga wannan ɗokin na nan take ya fi yawa ga masu ciwon damuwa mai tsanani, da masu ciwon da ke kai mutum sama ya dawo da shi ƙasa, da masu sikizofireniya (wani nau'in taɓin hankali), da masu cin abinci ba ƙaƙƙautawa. Masu ciwon ƙaurace wa abinci kuwa akasin haka suke, jiransu ya wuce kima, abin da ke nuna cewa iya jira ba kullum ne alamar lafiya ba. Fuska ɗaya ce, amma tushen ya bambanta. Mai ciwon damuwa ba zumuɗi ke damunsa ba, gobe ce ta zame masa fanko, in ka ce ya hango wata uku ba abin da zai gani sai duhu. Shi jinyar damuwar ce farko, tare da ƙananan ayyuka na yau da za su ba shi ɗan daɗi kafin dare. Mai ciwon hawa da sauka, a lokacin da ya hau, yana iya ƙarar da dukiyar shekara cikin mako ɗaya. Shi kulle ne ya fi dacewa da shi, a tsara lokacin da yake daidai, wa zai riƙe katin banki da kuma alamomin da za a fara gani, tare da maganin daidaita yanayi. Mai larurar rashin natsuwa da gajen hankali tun ƙuruciya jiran kansa ne azaba gare shi, don haka tukwici mai sauri da gajerun wa'adi sun fi karɓarsa, kuma bincike a kan bayanan lafiyar jama'a a Suwidin bai nuna cewa maganin larurar yana ƙara jefa masu shansa cikin shaye-shaye ba.

Wani abu da ake yawan tsallakewa: idan mutum ya tsunduma caca ko sayayya ko neman mata farat ɗaya bayan ya fara sabon magani, a duba maganin. Firamifezol da rofinirol na cutar karkarwa (Parkinson) sun shahara da haka, kuma a 2016 hukumar magunguna ta Amurka ta yi irin wannan gargaɗi a kan arifirazol. Likita ne zai rage ko ya sauya, ba mara lafiya ba.

To, wanne za a ɗauka? In da ni za a tambaya game da mai shan hodar iblis ko metamfetamin ko sigari wanda zuciyarsa ke rabe biyu, yau yana so gobe ba ya so, tukwici zan fara nema, domin shi kaɗai ne ba ya bukatar mutum ya zo da haƙurinsa daga gida. Kuma tun daga makon farko zan haɗa shi da horon tunani, don ranar da tukwicin zai ƙare ya tarar da abin dafawa. Mai caca da ya zo da kansa yana cewa a taimake shi, kulle a ranar, kafin ya kwana, a toshe shafukan da asusun gaba ɗaya, shawara ta biyo baya. Mai shan barasa da ke da wanda ya yarda da shi a gida yana iya tattauna disulfiram ko naltireson da likita. Mai dangin hiroyin, magani tukuna.

Kowace aka zaɓa, a kula da cika alkawari. A Jami'ar Rochester, Celeste Kidd da abokan aikinta sun wallafa wani gwaji a 2013: an ajiye wa yara alewa ɗaya aka ce in sun jira za a ƙara musu wata; yaran da tun farko babba ya yi musu alkawarin kayan zane ya cika sun jira kimanin minti 12 don samun alewa ta biyu, waɗanda aka saɓa wa kuwa minti 3. Wanda rayuwa ta koya wa cewa abin da aka ce gobe ba ya zuwa, lissafinsa daidai ne idan ya cafke na yau. Saboda haka in an ce gwaji Litinin da Laraba da Juma'a, a yi shi a ranakun. In an ce za a mayar masa da katinsa bayan wata uku, a mayar ranar da wata ukun suka cika, ko da zuciyar mai riƙon ba ta gama kwanciya ba.